Layi Ukun Baba Mala

Akwai wani injiniya a Kano mai suna Bahauddeen. Allah Ya ba shi kaifin ƙwaƙwalwa da saurin hannu a kan kwamfuta, sannan Ya jarrabce shi da ciwon da malamai suke kira ujubu, wato mutum ya riƙa mamakin kansa har ya daina ganin kowa.

Yana aiki ne a wata ƙaramar masana'anta a Sabon Gari, mallakar wani dattijo, Alhaji Azeez, haifaffen Fagge wanda kakanninsa suka zo Kano fatauci daga ƙasar Yarabawa. Abin da aka fi sanin su da shi shi ne injin auna yadi da naɗe shi, wanda 'yan Kantin Kwari suke saya.

A wannan masana'anta ba a yanka ko taƙi ɗaya na ƙarfe sai an gina injin gaba ɗaya a cikin kwamfuta. Kowane sashe yana da fayil ɗinsa, sannan a haɗa su duka a babban zane guda. Idan aka sauya wani awo, sai a danna maɓallin sake gini, kwamfuta ta bi sassan ɗaya bayan ɗaya daga sama zuwa ƙasa tana daidaita su. Inda ta kasa daidaitawa, sai ta buga jar alama.

Suna kuma da wata al'ada tun daga farko. Duk wanda ya fara zana sashe, sunansa ake sa wa fayil ɗin, kuma ba a cirewa ko bayan ya bar aiki.

Wanda ya fara zana injin yadin shi ne Baba Mala, wani tsoho daga zuriyar Barebarin Fagge. Da fensir da rula ya fara sana'ar, ya koyi kwamfuta yana da furfura, ya ajiye aiki lokacin da yanar ido ta rufe masa gani. Ya bar wani fayil mai suna Tushen Mala. Babu komai a cikinsa sai layi uku.

Bayan Bahauddeen akwai wata mai zane, Rofiat. Ta riski Baba Mala shekara guda kafin ya tafi. Ita kaɗai ce mace a wannan sana'a a duk layin, kuma da aikin take riƙe mahaifiyarta. Bahauddeen bai taɓa kiran ta da sunanta ba, sai dai "ke mai difloma".

Wata Litinin, Alhaji Sadisu, babban dilan shadda a Kantin Kwari, ya aiko cewa yana son injin guda huɗu, amma masu faɗin inci sittin maimakon arba'in da biyar da aka saba. Ya ce kuma idan an haɗa na farko zai zo da abokan kasuwancinsa su gani.

Da yammacin ranar Bahauddeen ya duba jerin sunayen sassan da za a buga a jikin takardar zane. Layin farko, a saman komai, Tushen Mala.

Ya buɗe fayil ɗin, ya ga layi uku, ya yi tsaki.

"Digiri biyu gare ni," ya faɗa a ransa, "amma tsohon da ko sakandare bai gama ba shi ne a kaina, saboda layi uku."

Ya rufe manhajar zanen, ya shiga ma'ajiyar fayiloli, ya goge sunan, ya rubuta Tushen Injiniya Bahauddeen. Da ya sake buɗe babban zanen, kwamfuta ta fito masa da tambaya tana neman wani fayil da ba ta gani ba. Bai tsaya karantawa ba. Ya danna ta yi shiru, ya adana, ya tafi gida.

Washegari da safe Rofiat ta zauna za ta fara aikin faɗaɗa injin. Ta danna maɓallin sake gini kamar yadda ta saba kafin ta taɓa komai. Sai jajayen alamomi suka zubo a gefen allo, ɗaya bayan ɗaya, har ɗari da arba'in da uku.

Ta ɗauki waya ta yi wa jerin hoto. Ba ta gama ba Bahauddeen ya shigo.

"Me kika yi?"

"Injiniya, ban taɓa komai ba. Sake gini kawai na danna."

"Ba ki taɓa komai ba. Wa ya ƙara murfin kariya a makon jiya? Aljanu?"

"Ni na ƙara, amma ranar lafiya ƙalau ya ginu."

"Tashi daga kan kujerar nan. Da ma na faɗa wa Alhaji, wannan ba injin markaɗe ba ne da kowace mace za ta zo ta danna."

Hayaniyar ta jawo Alhaji Azeez daga ofishinsa. Shi mutum ne da ya san ƙarfe da kasuwa, amma bai san karatun allon kwamfuta ba. Abin da ya gani shi ne ja ko'ina, da Rofiat a tsaye tana zufa.

"Alhaji, aikin shekara goma ta rusa da safiyar nan," in ji Bahauddeen. "Zan gyara, amma da sharaɗi. Kada ta sake kusantar na'urar nan."

Alhaji ya dube ta ya ce, "Rofiat, je ki gida tukuna. Zan neme ki."

Ma'aikata suna tsaye a bakin ƙofa suna kallo. Kafin azahar maganar ta zaga layin: yarinyar nan mai zane ta lalata wa Alhaji Azeez injin. Ita kuwa ta sani, idan sunanta ya tafi a haka, babu masana'antar da za ta sake ba ta kujera a Sabon Gari.

Bahauddeen ya zauna gyara. Ya fara daga ƙasan jerin, inda idonsa ya fara sauka. Ya gyara ɗaya, biyu suka fito. Ya gyara biyun, na farkon ya dawo. Har la'asar bai rage ko goma ba.

A manhajar akwai wata hanya ta danne kuskure. Ba gyara ba ne. Ana gaya wa kwamfuta ne ta kau da kai daga wannan wuri, sai jar alamar ta ɓace. Bahauddeen ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dannewa. Sannan ya ja sandunan naɗe yadi da hannu ya tsawaita su zuwa inci sittin, ya ƙara musu kauri don kada su lanƙwashe. Allo ya yi fes.

Ita kuwa Rofiat, ranar Laraba bayan azahar ta nufi Fagge. Ta sami Baba Mala a zauren gidansa, zaune a kan buzu, yana tilawa da ka tun da ido ya daina ganin rubutu.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya gane muryar.

"'Yata Rofiat. Wannan gaisuwa da kuka a cikinta. Me ya faru?"

Ta kwashe labari ta gaya masa. Ta ce tun jiya take bin hotunan tana neman inda murfinta ya jawo ɓarna, ta sami kurakurai tara da suka ambaci murfin.

"Su tara ɗin, na nawa ne a jerin?"

"Can wajen ƙasa, Baba."

"To kin bar mai laifi kina tuhumar maƙwabtansa. An ce miki ke ce, sai kika tafi neman kanki a ciki. Karanta mini na farko. Na can sama, wanda babu kowa a kansa."

Ta buɗe hoton farko ta karanta, ta fassara masa: ba a sami fayil ɗin da aka dogara da shi ba, Tushen Mala.

Tsohon ya gyara zama.

"Kin ga masu ilimin hadisi, idan aka kawo musu ruwaya, sai sun bi isnadi mutum bayan mutum. Idan aka rasa mutum ɗaya a can sama, duk waɗanda suka karɓa daga gare shi maganarsu ta raunana, ko da su masu gaskiya ne. Haka na'urar nan take. Kuskure ɗaya ne gare ku. Sauran ɗari da arba'in da biyun makoki suke yi."

"Baba, layi uku ne fa kawai a cikinsa."

"Na farko faɗin yadi. Na biyu tsayin injin daga ƙasa. Na uku tazarar da ke tsakanin ramuka biyu na faifan gefe, inda sanduna suke shiga. Na ɗaure na ukun da na farko. Idan yadi ya ƙara faɗi, sanduna su ƙara kauri, ramuka su matsa da kansu su ba su wuri. Duk sauran sassan daga wurin layukan nan suke jin magana."

"To ina ya tafi?"

"Ɗayan uku ne. Ko an goge shi, ko an canza masa wuri, ko an canza masa suna ba da sanin manhajar ba. Ban san wanda ya yi ba, kuma kada ki ɗora wa kowa abin da ba ki gani ba. Amma ki je ki gaya wa Azeez kada ya bari a yanka ƙarfe. Amana ce, ko da ya kore ki."

Ranar Alhamis da safe ta koma Sabon Gari. Ta tarar da Alhaji da Bahauddeen a gaban kwamfuta, takardun zane a buge a kan tebur.

"Alhaji, ka yi mini izinin magana ɗaya. Kada a kai takardun nan wurin yanka. Fayil ɗin tushe ne ya ɓace. Ko an goge shi, ko an canza masa wuri, ko an canza masa suna."

Da ta ambaci suna, sai Bahauddeen ya tuna da yammacin Litinin. A wannan lokacin ya gane abin da ya aikata. Ƙofar tuba tana buɗe a gabansa, kalma biyu, "ni ne", ta ishe shi. Amma ya dubi Alhaji, ya dubi ma'aikatan da suka leƙo, ya zaɓi ɗaya hanyar.

"Wa ya koya miki wannan karatun? Makahon Fagge?" Ya juya allon. "Alhaji, duba da idonka. Ina ja? Nuna mini guda ɗaya."

"Danne su ka yi, Injiniya, ba gyarawa ba. A bar ni minti biyar in nuna."

"A bar ki ki sake rusawa? Kin ɓata, na gyara, yanzu hassada ta hana ki zama a gida."

Alhaji Azeez ya dubi allon, ya ga fari tas. Ransa ya ɓaci.

"Rofiat, na yi niyyar in dawo da ke bayan an huce. Amma tun da abin ya zama ƙazafi, ki ajiye mini makullin ofis."

Ta ciro makullin ta ajiye a kan takardun. Ta ce, "Na isar da abin da aka aiko ni da shi." Ta fita ta bi ta mahaɗar titin Bata a ƙasa, cikin cunkoso, ba ta ko ji masu adaidaita sahu suna kiran ta ba.

Aka kai takardun wurin Kenechukwu, mai injin gyaran ƙarfe a bayan kasuwa, haifaffen Sabon Gari wanda Hausa ta zauna a bakinsa har da baƙar magana. Kwana shida yana yanka yana hudawa. Ya fitar da faifan gefe takwas da sanduna takwas, na inji huɗu.

Ranar haɗa na farko, Alhaji Sadisu ya zo da abokansa uku, suka zauna a benci a farfajiyar Kenechukwu. Bahauddeen ya sha babbar riga yana ta bayani.

Aka kafa faifan gefe biyu. Aka zura sandar farko, ta shiga. Aka ɗauko ta biyu, ta zo bakin raminta ta tokare da 'yar'uwarta. Aka juya ta, aka ɗaga, aka sauke. Ta ƙi.

"Oga Kene, ka huda ba daidai ba," in ji Bahauddeen.

Kenechukwu ya goge hannunsa da tsumma a hankali.

"Injiniya, maimaita, injin yana ƙara ban ji ba."

"Na ce aikinka ne. Ku 'yan bakin titi ba ku iya bin zane ba."

Kenechukwu ya ɗauko takardar da ma'auninsa. Ya auna ramin, ya nuna lambar a takarda. Ya auna tazarar, ya nuna. Ya auna kaurin sanda, ya nuna. Duk sun yi daidai da abin da aka rubuta.

"Shekara ashirin da biyu ina huda ƙarfe, ban taɓa huda abin da ba a rubuta mini ba. Ka ba sanduna ƙiba, ka bar su a ɗakin da suke tun suna ramammu. Milimita goma sha biyu suke nema. Ko digirin ne zai matsa musu?"

Abokan Alhaji Sadisu suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Alhaji Azeez, ni da kai mun daɗe. Na ba ka zuwa Asabar ta sama. Idan bai tashi ba, kada ka ga laifina."

Bayan sun tafi, Alhaji Azeez ya daɗe yana kallon faifai takwas da suka zama tarkace. Sannan ya ciro waya ya kira Rofiat.

"Zan zo, Alhaji," in ji ta. "Amma a gaban mutane aka kore ni. Ina roƙon duk wanda yake wurin ranar ya kasance yana nan."

Haka aka yi. Da la'asar ofis ya cika, har Kenechukwu ya biyo su da ma'auninsa a aljihu.

Rofiat ta zauna. Ta fara da sakin duk abin da aka danne. Jajayen alamomi suka dawo gaba ɗaya.

"Kun gani ko?" in ji Bahauddeen. "Daga zamanta."

Ta hau can saman jerin ta karanta na farko da ƙarfi, ta fassara wa Alhaji. Sannan ta buɗe ma'ajiyar fayiloli ta bi sunayen da yatsa. Babu Tushen Mala. Amma ga wani da ba a taɓa sani ba: Tushen Injiniya Bahauddeen.

Ta buɗe shi. Layi uku.

Alhaji Azeez bai iya karatun kwamfuta ba, amma ya san layukan nan, domin yana tsaye a bayan Mala ranar da ya ja su.

"Bahauddeen, wannan zanenka ne?"

"Alhaji, tsari kawai na gyara. Sunayen ba su dace da..."

"Ranar Alhamis da yarinyar nan ta tsaya a nan ta ce ko an canza suna, ka san haka ne ko ba ka sani ba?"

Alhaji ya ci gaba.

"Kuskuren Litinin na yafe, kowa yana yi. Na Alhamis ba kuskure ba ne. Ka bar ni na zalunci baiwar Allah da bakina, ka bar ni na yanka ƙarfe, duk don kada a ce ka yi kuskure." Ya juya. "Rofiat, tashi ki ba shi kujerar. Hannun da ya cire sunan shi zai mayar."

Bahauddeen ya zauna. Mutum tara suna kallon yatsunsa. Ya goge Injiniya, ya goge Bahauddeen, ya rubuta Mala.

Rofiat ta karɓi kujerar. Ta buɗe babban zanen, ta kwance awon da ya cusa da hannu, ta danna sake gini. Jajayen suka riƙa ɓacewa daga sama zuwa ƙasa har babu ko ɗaya. Sannan ta je layin farko na Baba Mala, ta goge arba'in da biyar ta rubuta sittin, ta sake dannawa.

A kan allo injin ya buɗe. Sanduna suka tsawaita suka yi kauri, ramukan faifan gefe suka matsa da kansu.

"Nawa suka matsa?" in ji Kenechukwu.

"Milimita goma sha biyu."

"To. Makahon Fagge ya gani daga zaurensa."

Alhaji Azeez ya ɗauko makullin ofis ya miƙa wa Rofiat da hannu biyu. Ya ce, "A gabansu na zalunce ki, a gabansu nake neman afuwarki." Ta karɓa ta ce ta yafe masa.

Bahauddeen ya buɗe baki kamar zai yi mata magana. Ta riga shi.

"Nawa mai sauƙi ne, Injiniya. Akwai wanda ka kira makaho. Gidansa yana Fagge, kowa ya san zauren."

Alhaji bai kore shi ba. Ya dai kafa doka cewa babu takardar da za ta fita wurin yanka sai Rofiat ta buɗe ta ta tabbatar ba a danne komai ba. Bahauddeen bai iya zama a ƙarƙashin wannan doka ba. Kafin wata ya ƙare ya daina zuwa, kuma bai taɓa taka zauren ba. Ɗaya daga cikin faifan da suka lalace har yau yana rataye a ƙofar Kenechukwu, yana nuna wa duk wanda ya zo masa da takarda yana ɗaga hanci.

Kenechukwu ya yanka sababbin faifan gefe, ranar Asabar injin ya tashi, ya naɗe shadda mai inci sittin a gaban Alhaji Sadisu. Washegari Rofiat ta je Fagge da sabuwar takardar zane.

"Baba, an mayar da sunanka. Ga shi nan a layin farko."

Tsohon ya shafa takardar da tafin hannunsa ya ajiye a gefe.

"Sandar ta biyu fa, ta shiga?"

"Ta shiga, Baba."

"Ke kuma kin koma kujerarki?"

"Na koma."

"Alhamdu lillahi," in ji shi, ya ci gaba da tilawarsa daga inda ya tsaya.

Darasi: Duk abin da ka tarar a tsaye, wani ne ya kafa shi, ko da aikinsa bai wuce layi uku a idonka ba. Kada ka goge sunan wanda kake tsaye a kan aikinsa. Idan al'amari ya rikice, nemi kuskuren farko, kuma ka fara duba hannunka kafin ka nuna na wani. Ɓoye aibi ba gyara ba ne, kuma wanda ya gane gaskiya sannan ya bar marar laifi ya ɗauki hukunci, ya fita daga kuskure ya shiga zalunci. Ku tura wa 'yan'uwa ma'aikata da masu sana'a, wataƙila akwai wanda har yanzu yake da damar faɗin "ni ne" kafin a yanka ƙarfe. Allah Ya tsare mu da girman kai.